Ranar da Na Karanta Takardar Fadama da Hausa

Da Sallar da ta wuce, muna zaune a zauren gidan nan bayan an sauko daga Idi, Nura ya miƙo mini wayarsa ya nuna mini wasu 'yan majalisa na ɓangaren adawa sun miƙe tsaye suna ce wa gwamnati ba su yarda ba. Nan gardama ta kaure tsakaninku. Wasu na cewa 'yan adawar yanzu sun fi na da tsayawa da ƙafafunsu, wasu na cewa duk don a ɗauke su hoto ne. Can sai Rabi ta ce ai babanmu ne ya fara irin wannan tun ba a san waya ba. Na yi murmushi kawai, amma maganar ta zauna mini a rai. Ni dai ban san ko na yanzu sun fi na da ƙarfin hali ba, don ban zauna a kujerunsu ba, ban kuma san abin da ake kai musu har gida ba. Abin da na sani shi ne yadda ta kasance da ni, kuma ba kamar yadda kuka taso kuna ji ba ne. Kun ɗauke ni jarumi, kun ɗauki Baffanku Garba mutumin da ya sayar da ƙaninsa. Duka biyun akwai gyara, kuma gara ku ji gyaran daga bakina.

Kun san mu mutanen Sabuwar Kuka ba a nan aka binne cibiyarmu ba. Tsohuwar Kuka tana ƙarƙashin ruwan Tiga. Ina yaro aka kwaso mu a manyan motoci aka sauke mu a kan wannan jigawa, kuma abin da ya riƙe mu har muka zama mutane shi ne fadamar bakin ruwa. Iyayenmu suka sare ta, suka koyi noman rani da ba su gada ba, albasa da tumatir da alkama, wasu suka koyi kamun kifi da koma. Ni kuma aka sa ni boko, na yi shekaru ina koyarwa a firamare. Da aka zo zaɓen ƙananan hukumomi, dattawan mazaɓarmu suka ce tunda ni ne mai karatu, ni zan tsaya musu kansila. Jam'iyya mai mulki ta riga ta ba wani tikiti, sai na tsaya a ta adawa, ba don wata aƙida ba, don ita ce ƙofar da ke buɗe. A wancan zangon akan bar ɗan adawa ya ci jefi-jefi, sai Allah ya sa na ci. Ba zan faɗi sunan ƙaramar hukumar ko na shugabanta ba. Mutumin ya rasu, kuma yana da 'ya'ya kamar ku.

Mu goma ne a majalisar, biyu kacal 'yan adawa: ni da Buba. Buba Bafulatani ne daga mazaɓar da ke can wajen duwatsu, dogo, siriri, ba ya son magana. Yana kiwo yana noma, yakan kuma kai shanu kasuwa ta Kwanar Dangora. Bai yi boko ba, sunansa kawai yake iya rubutawa, kuma tun ranar da aka rantsar da mu bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Modibbo, wato malam da yarensu. To gaskiyar da zan fara faɗa muku ita ce, shekara ɗaya da rabi muka yi a majalisar nan ba mu taɓa cewa a'a ba. Adawarmu a suna ta tsaya. A kawo takarda da Turanci, shugaban kansiloli ya karanta kanta kawai, ya ce masu goyon baya, hannuwa goma su tashi, a sha lemo, a watse. Ni da nake jin Turancin ma ban cika karantawa ba. Ina ganin mu biyu me za mu iya, kuma kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A tsakiyar ranin shekara ta biyu, albasa ta fara ƙwai, aka raba mana wata takarda ranar Litinin aka ce za a zartar da ita ranar Laraba. Da na ga sunan fadamarmu a shafin farko sai na zauna a inuwar ɗorawar sakatariya na karanta ta tun daga farko har ƙarshe. Wai za a ba wani kamfani fadamar, tun daga mashaya har gindin tsamiyar Malam Audu, ya noma shinkafa, matasa su sami aiki. A shafi na uku aka rubuta cewa waɗanda ke noma wurin ba su da takardar mallaka, saboda haka zaman aro suke yi, za su tashi da zarar sun cire amfanin bana. A shafi na huɗu kuma aka ce za a kewaye wurin da waya, wanda ke nufin burtalin da shanu ke bi su sha ruwa ya toshe. Na ninke takardar na sa a aljihu, na hau babur na dawo gida ban faɗa wa kowa ba.

Washegari da hantsi sai ga Yaya Garba. A lokacin shi ne shugaban jam'iyya mai mulki na mazaɓarmu, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sayar da akuyarsa ya yi mini kayan makaranta. Ya shiga ya gaishe da Inna, kakarku, tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, sannan ya ce in matso, maganar ta mu uku ce. Fuskarsa cike da fara'a. Ya ce ciyaman ya ware wa Inna kujerar Makka ta bana, har da ta wadda za ta raka ta.

"Sule, ba wani abu ake nema a wurinka ba," in ji shi. "Gobe ka ɗaga hannu kamar yadda ka saba. In kuma kana jin nauyi, ka ce ba ka da lafiya, ka zauna a gida. Da kai da babu kai takardar nan za ta wuce. Kuna biyu, suna takwas."

Ku sani, Inna ta kai shekara talatin tana roƙon Allah ya kai ta ɗakinsa. Duk wanda ya dawo daga aikin Hajji a garin nan, ita ce ta farko a gidansa, ta sa shi ya ba ta labarin Arfa tana share hawaye. Ni da Yaya ba mu da halin kai ta. Don haka kada ku ɗauka Baffanku ya zo da mugun nufi. Ya ga ƙofa ta buɗe wa uwarsa, kuma a lissafinsa fadamar ta riga ta tafi.

Inna ba ta ɗago kai ba. Ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, don shi ne ɗan fari, ni kuwa Auta take ce mini. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta har muka ɗauka ba ta ji ba, sannan ta ce:

"Auta, me aka rubuta a takardar?"

Yaya ya ce, "Inna, harkar gwamnati ce, Turanci ne."

"Ai shi ya sa na tambayi mai jin Turancin."

Na ciro takardar na fassara mata, layi bayan layi. Da na zo wurin zaman aro sai ta ajiye ƙwaryar. Ta ce in maimaita, na maimaita.

"Wancan karon ma an ce akwai takarda," in ji ta. "Babu wanda ya karanta mana. Motoci kawai muka gani. Ina tuka tuwo aka ce in sauke tukunya." Sai ta dube mu. "Ina son Makka, ba zan yi muku ƙarya ba da tsufana. Kuma ban ce ka yi ba, ban ce kada ka yi ba, kai aka zaɓa ba ni ba. Amma in za a tashi mutane, a faɗa musu da bakin da suke ji."

Yaya ya tashi ransa a ɓace, ya ce in yi tunani. Mahaifiyarku Saude tana ɗaki tana jin komai. A lokacin ungozoma ce a asibitin garinmu, wato ma'aikaciyar ƙaramar hukuma. Da rana, tana zuba mini abinci, ta ce:

"Malam, ka san inda za su fara taɓawa in ka yi magana."

Na ce, "Ina?"

"Ni mana. Kai zaɓaɓɓe ne, ba su iya ɗaga ka. Ni kuwa takarda ɗaya ta isa."

Na ce to shi ke nan, ba zan yi magana ba. Sai ta ce ba abin da take nufi ke nan ba, ta faɗa mini ne don kada in zo daga baya in ce ban sani ba, kuma in na yi shiru kada in ce saboda ita na yi. Wannan magana ta fi ta Inna yi mini nauyi, domin ta ƙwace mini uzurin da nake shirin fakewa da shi.

Ranar Laraba na je sakatariya ban yanke komai ba. Aka yi dace ranar ce ake rabon takin zamani, harabar ta cika da manoma, da yawansu mutanen fadamarmu ne, suna jiran a kira sunayensu. Ana zafi, ba wuta, sai aka buɗe tagogin ɗakin taro. Shugaban kansiloli ya yi addu'a, ya karanta kan takardar da Turanci da sauri kamar mai gudun ruwa, ya ce masu goyon baya. Hannuwa suka fara tashi. Sai na ga Buba ya miƙe tsaye, mutumin da ban taɓa jin muryarsa a ɗakin nan ba sai wajen amsa sallama.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ni ban yi boko ba. An ce mini akwai maganar hanyar shanu a ciki. Hannuna ba zai tashi a kan abin da kunnena bai ji ba. Ga Modibbo nan, ya karanta mana da Hausa."

Shugaban ya ce ba a tsara haka ba, ya umarce shi ya zauna. Buba bai zauna ba. Bai ɗaga murya ba, bai kuma ƙara kalma ɗaya ba, ya dai tsaya riƙe da bayan kujera yana kallona. Ɗakin gaba ɗaya ya juyo kaina. Ba zan iya ce muku na yi tunanin Inna ko na fadama a wannan lokacin ba. Kunya ce ta tashe ni. Mutum ya kira ni a gaban jama'a, ya jingina da ni, in na zauna na kayar da shi. Na miƙe da takardar a hannuna, na fara karantawa da muryar da nake koyar da 'yan aji shida, don ita kaɗai nake da ita. Shugaban ya buga tebur, na ci gaba. Kafin in gama shafi na biyu tagogin sun cika da kawuna. Da na zo wurin zaman aro sai harabar ta yi tsit, har ana jin kukan awaki a bayan katanga.

Wanda ya fara magana ba ɗan adawa ba ne. Alhaji Ɗanjuma ne, kansilan jam'iyya mai mulki, wanda hannunsa ke sama tun ɗazu. Surukansa a fadamar suke noma. Ya sauke hannun ya ce:

"Tsaya, Malam Sule. Haka aka rubuta, ko kai ka ƙara?"

Na miƙa masa takardar na ce ya ba duk wanda ya yarda da shi ya duba. Ya juya ga akawun majalisa, akawun ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Alhaji Ɗanjuma ya ce shi an ce masa fili ne da ba kowa a ciki. Wani ma ya ce haka aka faɗa masa. Aka shiga hayaniya, waje ma ya ɗauka, sai shugaban ya ɗage zaman ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba. Ina fita mutane suka yanyame ni, wasu na sa mini albarka, wasu na tambayata ko gaskiya ne, ni kuwa ba abin da nake so kamar in sami wuri in zauna.

Kada ku ɗauka mun yi nasara irin ta labari. Bayan mako uku aka dawo da takardar an gyara ta, kuma ta wuce, takwas da biyu. Kamfanin ya sami yammacin fadamar. Gabashinta ya tsira, an bar burtali a buɗe, an kuma rubuta cewa waɗanda suka rage ba 'yan aro ba ne. Gidajen da suka rasa gonakinsu aka ba su wasu a can sama inda ruwa ba ya kaiwa sai da inji, kuma akwai waɗanda har suka mutu suna ganin da na yi shiru da an sasanta da su a asirce sun fi samun sauƙi. Wataƙila suna da gaskiya. Abu ɗaya dai ya canza a majalisar: daga ranar ba a ƙara kawo takarda ba tare da an karanta ta da Hausa ba, kuma 'yan jam'iyya mai mulki su ne suka fi matsawa a kan haka, don ba wanda yake so a sake kunyata shi a gaban surukansa. Ni da Buba kuma bakinmu ya buɗe. Mun ce a'a sau da yawa bayan nan, mun sha kaye a mafi yawansu, amma ba ta ƙara yi mana wuya kamar ta farko ba.

Sai sakamako ya biyo baya. An dakatar da ni wata uku, wai na tunzura jama'a. Ba a yi wata guda ba takardar Saude ta fito, an mayar da ita wani ƙauye a ƙarshen ƙaramar hukumar, inda mota ba ta shiga da damina. Rabi tana goye a lokacin. Shekara biyu ta yi a can, tana zuwa gida sau biyu a wata, wani lokaci a bayan babur, wani lokaci a ƙafa har bakin titi. Ku manya kun tuna lokacin da nake dafa muku taliya tana cabewa. Ban taɓa jin ta ce ni na jawo mata ba, ko sau ɗaya, ko cikin faɗa. Da na ba ta haƙuri sai ta ce matan can ba su taɓa samun ungozoma ba, in daina ɗaukar kaina da muhimmanci haka. Zaɓe na gaba kuma na faɗi, na koma aji da allina.

Kujerar Makka aka ba wata. Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba, kuma da alhazan shekarar suka dawo ta je ta yi musu barka kamar kullum. Damina biyu bayan haka ta rasu. A maƙabarta, bayan an gama, Yaya ya matso kusa da ni ya ce a hankali, yadda ba wanda zai ji:

"Ga ta nan ta tafi ba ta ga Ka'aba ba. Rabin fadamar ma an ɗauka. Sai ka faɗa mini ribar."

Ya juya ya tafi. Shekara huɗu bai tako gidan nan ba. Wannan shi ne abin da kuka gani kuna yara kuka riƙe shi da shi. Abin da ba ku gani ba shi ne, a cikin shekarun nan ya sami kujerar gwamnati ya sauke nasa faralin, sannan ya sayar da gonarsa ta gado ya koma ya yi wa Inna aikin Hajji. Ranar da ya dawo, kafin ya shiga gidansa, nan ya fara tsayawa. Ya yi sallama a zaure, ya ajiye mini jarkar zamzam, ya ce, "Na kai mata." Muka zauna muka yi kuka kamar yara. Har ya rasu bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ce ya yi kuskure ba. Saboda haka in kun tashi yi mini addu'a ku haɗa da shi, kuma 'ya'yansa 'yan'uwanku ne ba da wani sharaɗi ba.

Buba ya yi zango biyu a majalisa, sannan ya koma cikin shanunsa. Shekarar da ya kwanta ciwon ajali na je duba shi. Na same shi da la'asar an shimfiɗa masa tabarma a inuwar marke, ya rame sosai, amma hankalinsa garau. Matarsa ta kawo mini fura da nono. Muka yi hirar mutanen da, har na ce masa na zo ne in gode masa, don duk sunan da na yi a garinmu nasa ne, shi ya fara miƙewa. Na tambaye shi inda ya sami wannan zuciya, shi da ba ya ko son magana.

Ya yi dariya har tari ya kama shi.

"Wace zuciya, Modibbo? Tsoro nake ji. Na zo ranar nan da niyyar in ɗaga hannu in tafi. Sai na ga kana tattara rigarka, ka dafa tebur za ka tashi. Na ce a raina, yau Modibbo zai yi magana shi kaɗai, in na bar shi na ji kunya har abada. Shi ne na riga ka."

Shekara da shekaru ina ɗauke da abin ban faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarku. Na ce:

"Buba, ba magana zan tashi yi ba. Kewaye zan ce zan je, in tsaya a can har a gama ƙuri'a."

Sai ya kamo hannuna da nasa biyu, waɗanda ba su da sauran nama, ya ce:

"To alhamdu lillahi da ban sani ba."

Muka yi ta dariya mu biyu, tsofaffi, har matarsa ta leƙo ta ga ko lafiya. Da zan tafi ya ce a ɗaga shi zaune, ya sa aka kawo mini ƙwaryar man shanu in kai wa Saude. Kwana tara bayan nan aka aiko mini ya rasu. Na je na samu an riga an kai shi, na tsaya a kan kabarinsa na yi masa addu'a, na ce Allah ya saka masa da alheri a kan kyakkyawan zaton da ya yi mini a ranar da ban cancance shi ba.